Yadda muke haɗa baje kolin hotunan Una Marson a Peckham

9 ga Agusta

Na buɗe wannan ne don kar lissafi ya sake ruɗe min irin na walimar sallar bara da aka yi ta ƙananan maganganu a ƙungiya. Bana an ɗora min aikin watan Oktoba, wato watan tarihin baƙar fata da ake yi a nan Ingila tun 1987, ni kuma na ce wallahi ba zan yi irin wanda aka saba ba, a manna hoton Mandela da Martin Luther King a ci shinkafa a watse. Sun cancanta, amma yaran nan sun haddace su kaman karatun allo.

Wadda na zaɓa sunanta Una Marson, 'yar Jamaika. An haife ta 6 ga Fabrairu 1905 ta rasu 6 ga Mayu 1965, bana 2025 kenan shekara 120 da haihuwa, 60 da rasuwa. Ita ce baƙar mace ta farko da BBC ta ɗauka aikin shirya shirye-shiryen rediyo, a 1941 ana tsakiyar yaƙin Hitila. Abun da ya ja ni gare ta shi ne da ta sauka Landan a 1932 nan Peckham ta zauna, gidan Dakta Harold Moody, wani likita ɗan Jamaika, lamba 164 Queen's Road, gidan da bas ɗina ke wucewa ta gabansa in na taso daga aikin dare, da ɗan shuɗin allon nan na tunawa da shi a bango, shekara tara ina ganinsa ban taɓa sanin wata mata irin wannan ta kwana a ciki ba.

Mu huɗu ne. Ni, da Anti maƙwabciyata 'yar Jamaika (tsohuwar nas ce ta haura saba'in, ita ta fara gaya min sunan), da wani ɗalibi ɗan Zariya mai karatun zane, sai Baban yara wanda aikinsa tuƙi da mita. Kuɗin da ke hannu: fam 600 daga wani ƙaramin asusun unguwa, fam 250 daga ƙungiyarmu, 850 kenan. Zauren taro kyauta aka ba mu sati biyu amma mun ajiye fam 100 na jingina, in ba mu ɓata komai ba a dawo mana da shi.

13 ga Agusta

Aikin dare uku a jere. Imel biyu kawai na tura.

16 ga Agusta

Yau na sha mamaki kuma na yi asarar farko. Na zauna da kwamfutar babbar 'yata da niyyar in tara hoto kaman talatin in zaɓi goma sha biyar, ashe hotunan matar nan da ke yawo a intanet ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, su ɗin dai ake ta juyawa, ita a gaban makirufo, ita a zaune cikin maza, shikenan. Na sauke ɗaya na ruga shagon bugu na ce a fitar min da shi babba, girman A2, fam 22. Da aka miƙo min sai na ga fuska ta zama 'yan murabba'ai kaman an jera tayil a banɗaki. Ɗalibinmu ya yi ta danne dariya, ya ce min ai wannan faɗinsa ɗigo 600 ne, shi kuma A2 in ana so ya fita tas sai an samu wajen ɗigo 5000 a faɗi 7000 a tsawo, kuma ko da ya fita ma ba a ɗaukar hoton mutane a intanet a rataye wa jama'a, akwai masu shi. To na ji. Fam 22 ta tafi.

Da daddare na kwanta ina tunani, ai dole hotonta ya yi ƙaranci. Mai aikin rediyo murya ce. Babana Allah ya jiƙansa ya shekara sama da talatin a Fagge da rediyonsa mai rigar fata, da asuba da rana da dare Landan take kira, ya san masu labaran nan da sunansu da yadda kowa ke jan numfashi, amma da zai yi karo da su a Kantin Kwari ba zai gane ko ɗaya ba. To ni yanzu na ɗauko wa kaina aikin rataye murya a bango. Ban san ta inda zan kama ba tukun.

21 ga Agusta

Amsar imel ta zo daga kamfanin da ke sayar da lasisin tsofaffin hotuna. Fam 180 kowane hoto ɗaya. Biyar nake so, 900 kenan, ya fi duk abun da muka mallaka. Baban yara ya ce to Hajiya sai ki zana ta da hannu. Ban kula shi ba.

Na sake rubuta musu da taimakon Anti, ta iya irin Turancin nan na lallashi da ba ya zubar da mutunci. Mun bayyana cewa ba kuɗin shiga, sati biyu ne kacal, zaure ne na unguwa ba gidan tarihi ba, kuma mun rage zuwa hoto uku.

Wani abun da na koya yau: waƙoƙinta ma ba a kwasa haka nan. Dokar nan shekara 70 ce bayan rasuwar marubuci, nata kenan sai ƙarshen 2035. Na so in buga guda ɗaya babba a ƙofar shiga, wadda ta yi kan gashin baƙar mace da masu ƙona shi da masu shafe-shafen canza fata don a so su, tun shekarun 1930 fa, abun da har gobe muke fama da shi da 'yan bilicin ɗinmu. Sai dai in bada labarinta da bakina a rubutun bango.

25 ga Agusta

Anti ta tafi Notting Hill kanibal, bikin titi na mutanen Karebiyan, jiya da yau, ba a samunta. Ni ma na huta.

30 ga Agusta

Shawarar ɗalibinmu ce kuma ta yi: tunda hotunanta sun yi kaɗan, mu ɗauki namu. Wuraren da ta taka, da kuma mutanen da suka rayu da rediyo. Wanda muka ɗauka da hannunmu ba mai cajin mu.

Yau muka yi yawon wurare, shi da kyamara ni da jaka da lema. Mun fara da gidan Moody. A gidan nan ne ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta League of Coloured Peoples da ya kafa a 1931 take da cibiya, Una ta yi musu sakatariya ta kuma riƙe mujallarsu The Keys. Daga nan Camberwell inda ƙaramar hukumar Southwark ta manna mata nata shuɗin allon a 2009. Sai cikin gari, Broadcasting House hedkwatar BBC, sai Charlotte Street inda gidan wasan Scala yake a da, nan aka nuna wasan kwaikwayonta a farkon 1934 da baƙaƙen 'yan wasa, an rushe ginin tuntuni, abun da muka samu ofisoshi ne da wani mai kai abinci a keke ya tsaya yana danna waya. Na ce a ɗauka haka da shi a ciki. Muka ƙare a Bush House, wannan kam don kaina na je, daga nan aka yi shekaru ana jin Sashen Hausa har 2012 da suka tashi, yanzu ɗaliban King's College ke shige da fice. Na tsaya a ƙofar na ɗan yi shiru, yaron ya ɗauka ƙafata ce ke ciwo.

Ruwa ya dake mu sau biyu. Hoto 140 ya ɗauka, biyar za mu zaɓa.

6 ga Satumba

Hotunan dattawa. Mutum shida muka samu, kowa da rediyonsa ko abun da ya rage masa na rediyo. Anti da nata na kicin. Wani dattijo ɗan Barbados daga cocinsu. Wata mama 'yar Kumasi, wata 'yar Ibadan mai shago a Rye Lane, wani ɗan Tirinidad tsohon direban bas, sai Baba Alhaji namu na masallaci.

Baba Alhaji ya sha babbar riga da hula zanna kaman ranar ɗaurin aure, ya fito da wata ƙaramar rediyo mai gajeren zango da ya zo da ita daga Kano tun kafin a haife ni, eriyar an ɗaure ta da zare. Ya ce 'yata, ita wannan baiwar Allah da kike ta faɗa, musulma ce? Na ce a'a Baba, 'yar limamin coci ce ma, mahaifinta fasto ne na Baptis. Ya ce to Allah ya saka mata da abun da ta yi, ɗauki hoton. Sannan ya ba ni labarin Aminu Abdullahi Malumfashi da ya buɗe Sashen Hausa ranar 13 ga Maris 1957 da shirin minti 15, kaman yana wajen aka yi. Da za mu tafi ya cusa min fam 60 a jaka ya ce kar in gaya wa kowa. To ga shi na rubuta, amma ai lissafi ne.

A mota muka ɗan haura sama da Anti. Na ce ina son kusurwa guda ta zama ta Sashen Hausa, hoton Bush House da na Baba Alhaji da dogon bayani. Ta yi shiru har muka wuce fitila biyu sannan ta ce, ƙanwata, matar nan duk rayuwarta ana tura ta gefe a ba wani wuri, yanzu a bikin nata ma za a yanka mata bango? Abun ya sosa min rai don ni na ɗauko aikin, amma da na huce na ga gaskiyarta. Una ba ta da wata alaƙa da Sashen Hausa, ta bar BBC sama da shekara goma kafin a buɗe shi. Abun da ya haɗa mu da ita kawai shi ne zama a gida a kasa kunne a ji muryar naka daga Landan. Shirinta na farko, Calling the West Indies, ai gaisuwa ce, sojojin Karebiyan da suka zo yaƙi su zo gaban makirufo su gaida iyaye da mata a gida a san suna raye. Kakana ya je yaƙin Bama, kakata ta ce shekara biyu ba ta san yana raye ko ya mutu ba. Iyakar nan zan tsaya. Baba Alhaji zai shiga layin dattawa kaman kowa, Bush House ya samu layi biyu.

10 ga Satumba

Alhamdulillahi sun sauko, fam 95 kowane ɗaya, uku 285. Sharaɗi: ba yankewa, ba canza launi, a sa sunan masu shi a ƙasa, a sauke bayan an gama. Na biya hannuna na rawa. Inshorar jama'a da zauren ya wajabta, fam 55.

Matan adashenmu sun haɗa min fam 140. Da ta Baba Alhaji, abun da ya shigo gaba ɗaya ya zama 1,050.

13 ga Satumba

Kasuwar Deptford. Firem 14 na hannu, fam 6 kowanne, 84, ba su yi kama da juna ba amma duk za mu shafa musu baƙin fenti da ya rage a gida. Biyu gilashinsu ya tsage a but ɗin mota saboda wani mutum da ba zan kira sunansa ba ya taka burki kaman ya ga aljani. Sabon gilashi fam 18.

Sai babban kamu: tsohuwar rediyon katako mai ƙyallen zane a gaba, ba ta aiki, mai ita ya ce 60 na ce 25 muka tsaya a 35. Ba za mu jona ta da wuta ba don zauren ba sa yarda da kayan lantarkin da ba a gwada ba, kuma ni ma tsoron wayoyin cikinta nake. Ɗalibinmu zai cire bayanta ya ɓoye ƙaramar sifika mai caji a ciki. Muryar Una ta ainihi ba mu da izinin sawa, to sai muka ce mu yi abun da ta yi: kowane dattijo a cikin shidan nan ya aika gaisuwa gida da harshensa, mu naɗa a waya, rediyon ta riƙa faɗa.

16 ga Satumba

Fenti. Falo na warin tiner, yara na tari, Baban yara na mita.

18 ga Satumba

Rubutun ƙasan hotuna, kwana uku ina kai. Na Turanci da na Hausa gefe da gefe, kalma 60 kowane ɗaya don ɗalibinmu ya ce ba mai tsayawa ya karanta fiye da haka, ni kuma matar nan ta yi abun da ba ya shiga kalma 60. Tana da shekara 23 ta kafa mujallarta a Kingston a 1928, The Cosmopolitan, ita ce edita ita ce mai bugawa. A 1935 ta je Santambul taron mata na duniya ta yi jawabi. A 1936 bayan Italiya ta mamaye Habasha, Sarki Haile Selassie ya yi gudun hijira zuwa Ingila, ita ta yi masa aikin sakatariya har ta bi tawagarsa Geneva inda ya tsaya gaban ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani ya kai kuka ba wanda ya share masa hawaye. Duk wannan kafin ta taɓa makirufon BBC.

Hoton da ya fi ba ni aiki shi ne na 1942, wanda kowa ya sani. Ana shirin adabi mai suna Voice da ake watsawa Indiya, tana zaune a tsakiyar manyan marubuta, T.S. Eliot a gefenta, Mulk Raj Anand a ɗaya gefen, George Orwell a tsaye a baya. Duk inda na ga hoton nan a intanet da sunan Orwell ko Eliot ake fara bayani, ita sai can a tsakiyar jerin sunaye, wani wajen ma babu ita sam. Alhali daga irin wannan shirin ta ɗauki dabara ta buɗe Caribbean Voices a 1943, inda ake karanta rubutun marubutan tsibiran Karebiyan a iska har a biya su, shirin da ya kai 1958, ta cikinsa aka ji Sam Selvon da George Lamming da Derek Walcott da V.S. Naipaul tun ba wanda ya san su, biyun ƙarshen nan kuma suka zo suka ci lambar Nobel ta adabi a 1992 da 2001. Nawa bayanin na fara shi da: Una Marson, a tsakiya, tare da abokan aikinta. Sauran sunayen na biyo baya da ƙananan baƙi.

Sai maganar rashin lafiyarta. Wajen ƙarshen yaƙi aiki ya yi mata yawa, ga wariyar da take sha a wajen aiki da waje, ga sukar wasu 'yan uwanta na Karebiyan da ke Landan, har ƙwaƙwalwa ta gaza, aka kwantar da ita, a 1946 ta koma Jamaika, wani ma'aikacin BBC, Henry Swanzy, ya ci gaba da shirin. Ni na tsallake wannan gaba ɗaya, na rubuta ta koma gida a 1946 kawai. A ganina rufin asiri ne, mace ta mutu shekara 60 a zo ana rataye ciwonta a bango yara na karantawa, mu ba haka aka raine mu ba. Anti ta karanta ta cire tabarau ta ce ina sauran? Ta ce ita shekara ashirin da shida ta yi a ɓangaren masu taɓin hankali, ta ga 'ya'yan baƙar fata nawa da aka kawo a makare saboda a gida ana ɓoyewa, kuma in muka share wannan mun nuna kaman matar ta yi duk abun nan ne a sauƙaƙe, ba abun da ya ci mata. Na ce Anti a wajenmu abun kunya ne. Ta ce a wajenmu ma haka ne, shi ya sa.

Na kwana ina juyawa. Ni ɗin nan da nake aikin kula da tsofaffi na san gidaje nawa na mutanenmu a garin nan da ke da wani a ɗaki ana cewa sammu ne ko iska. Na saka. Jimla biyu, ba ƙari, da ta uku mai cewa ta warware ta koma aiki, ta shiga harkar buga littattafan matasan marubutan Jamaika.

23 ga Satumba

Inna lillahi. Bugun ya fito, 14, fam 19 kowanne, 266. Na tarihi uku sun yi kyau sosai, na wurare ba laifi. Amma na dattawa shida duk sun ƙone. Fuskar Baba Alhaji ta zama baƙin dunƙule sai farin gemu da hula, mama 'yar Kumasi idanu da haƙora kawai ake gani. A fuskar kwamfuta ras suke, kowace tamoji a bayyane. Na ce wa mai shagon wannan ba zai yiwu ba, ya ɗaga kafaɗa ya ce injin haka ya gani, wai mutanen ne suke da duhu. Wallahi sai da na ƙirga goma a zuciyata. Baje koli don karrama baƙar mace, a ce min baƙar fata ce matsalar.

Ɗalibinmu ya shigo tsakani, kuma gaskiya laifin rabi namu ne. Hasken fuskar kwamfutarsa a ƙure yake shi ya sa komai ke masa kyau, takardar da muka zaɓa kuma marar sheƙi ce mai shan tawada, tana haɗiye duk abun da ke cikin inuwa. Ya kamata mu fara buga ɗan ƙaramin gwaji, ba mu yi ba saboda rowar fam 3. Rabin laifin shagon kuma, sun ga abun na fitowa haka har shida ba wanda ya ɗaga waya. An daidaita za su sake shidan a rabin kuɗi, fam 57. Yaron ya kwana yana ɗaga hasken inuwa a kowane hoto, mun koma takarda mai ɗan sheƙi.

26 ga Satumba

Gwaji ya fito da rana, na kai shi bakin taga na duba, na kai ƙarƙashin fitila na duba. Ya yi. An buga. Baba Alhaji ya dawo mutum.

Allunan bayani fam 40. Babbar 'yata ce ta hango na rubuta 1956 maimakon 1965 a shekarar rasuwa, mu huɗu mun karanta ba wanda ya gani. Sake ɗaya, fam 5.

28 ga Satumba

Naɗar gaisuwa. Na ce wa kowa minti ɗaya. Anti ta yi sakan 50 da Patwa, yaren Jamaika, ta gaida ƙanwarta a St Elizabeth, can ne ma yankin da aka haifi Una. Baba Alhaji ya yi minti 11. Ya gaida mai unguwa, ya gaida liman da na'ibinsa, ya gaida mahauta, ya gaida mutanen da shi da kansa ya ce sun rasu. Ba wanda ya iya tsayar da shi. Mun yanke zuwa minti biyu, Allah ya sa kar ya lura.

2 ga Oktoba

Ba a buga ƙusa a bangon zauren, sai jiya aka gaya mana. Na sayo tef mai gam biyu da aka ce yana ɗaukar nauyi, fam 24, muka manna duka 14 muka auna da igiya muka tafi gida muna murna. Da safe mai gadi ya kira. Uku sun faɗo cikin dare, bangon wajen taga yana da danshi gam bai kama ba, ɗaya ma ya taho da fenti kaman faɗin tafin hannu. Allah ya taimaka gilashi bai fashe ba don kan kujerun soso suka faɗa, kuma ba na tarihin ba ne.

Baban yara ne ya ceci ranar, dole in rubuta don ya ce in rubuta. Ya ɗaga kai ya ga ashe akwai tsohon katakon rataye hoto da ya zagaye bangon ta sama an shafe shi da fenti ba wanda ya lura. Ƙugiyoyi da zaren kamun kifi, fam 21. Shi a kan tsani, ni a ƙasa ina cewa hagu, dama, a'a ka mayar. Awa biyar. Aurenmu ya tsira da ƙyar.

4 ga Oktoba, dare

An buɗe. Ƙafafuna ba nawa ba ne. Mutum 73 suka sa hannu a littafin baƙi, wasu ba su sa ba. Abinci fam 90: samosa, cincin, fanke, zoɓo, Anti ta kawo fatis ɗinta na Jamaika da naman halal don mu, ya ƙare kafin minti ashirin.

Abun da ban zata ba, rediyon ce ta kwashe jama'a. Mun sa ta a kan ɗan tebur a tsakiya da kujeru huɗu, mutane suka yi mata zobe suna sunkuyawa kaman yadda muke yi a tsakar gida muna yara, hotunan da muka sha wahala a kansu sai daga baya ake zagawa. Na ɗan ji haushi da farko. Tsohon direban bas ɗin nan ya ji muryarsa na gaida uwarsa da ta rasu tun 1988, ya tashi ya fita waje ya daɗe bai dawo ba. Sifikar ta mutu ƙarfe huɗu, ba mu zo da caja ba, wani yaro ya ara mana fawa bank.

Wani Bature ya shigo ya miƙe kai tsaye wajen hoton 1942 ya ce wa matarsa ga Orwell can. Ina tsaye a bayansu ban ce komai ba. Ya sunkuya ya karanta bayanin, ya sake ɗagowa ya kalli hoton, ya tambaye ni wai ita ce shugabar shirin? Na ce a'a wannan na Orwell ne, nata ya zo bayan wata kaɗan kuma ya fi wannan daɗewa nesa ba kusa ba. Ya ɗauki hoton allon da wayarsa.

Allon rashin lafiyar kuma, wata 'yar uwa daga ƙungiyarmu ta ja ni gefe ta ce Maman yara da kin bar wannan. Wata kuma, wadda ban zata ba, ta tsaya a gabansa ta fi minti biyar, da za ta tafi ta ce za ta kira ni akwai maganar ɗanta. Ta kira ɗazu.

Baba Alhaji ya lura. Ya ce 'yata ina mahauta?

11 ga Oktoba

Sati ɗaya. Ajin firamare biyu sun zo, yaran sun fi son murɗa maɓallin rediyon, ɗaya ya cire mun mayar da gam. Muna karɓa-karɓa wajen zama, ni Talata da Alhamis bayan na yi barcin safe.

20 ga Oktoba

Mun sauke shekaranjiya. An cire fam 30 daga jinginar saboda fentin da ya ɓare, sun dawo da 70, ban yi musu ba. Duka abun da ya fita 1,032, ya shigo 1,050, saura fam 18, na miƙa wa ma'ajiya da rasit ɗin komai a ambulan har na tayil ɗin nan na farko. Littafin baƙi ya tsaya a 212.

Na tarihi uku an naɗe an ajiye don lasisin ya ƙare. Dattawa kowa ya tafi da nasa hoton da firem, Baba Alhaji ya ce a Kano za a rataye nasa. Wata malamar makaranta daga Lewisham ta tambaya ko za mu kawo musu a Maris lokacin ranar mata, na ce sai na tambayi kuɗin sabunta lasisi tukun, kuma sai an sake buga na dattawan tunda na rabar. Rediyon tana kan firij ɗina, Anti ta ce sati-sati za mu riƙa yi, wannan satin nawa ne. Gobe zan tura imel ɗin lasisin, sannan in nemi cikakkiyar gaisuwar minti 11 a wayar ɗalibinmu in tura wa Baba Alhaji kafin ya sake tare ni a ƙofar masallaci.